Yadda Ake Kafa Buri a Wasanni Har Ya Kai Ɗan Wasa Gaba: Misali da Gudun Kilomita 5

Yawancin matasan da ke zuwa neman horo, idan aka tambaye su abin da suke so, amsarsu ba ta wuce biyu: ko dai su ce suna so su ƙware, ko su ce suna so su zama zakaru. Fata ne mai kyau, amma ba ya gaya wa mutum abin da zai yi gobe bayan sallar asuba, shi ya sa da yawa suke farawa da zafi su watsar tun kafin wata ya zagayo. Burin da ke ɗaga ɗan wasa shi ne wanda ake iya aunawa, yake da wa'adi, kuma aka gutsuttsura shi har ya sauko kan aikin kowace rana. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edwin Locke, ya bayyana haka a 1968, daga baya shi da Gary Latham suka shafe shekaru suna gwadawa, abin da suka yi ta samu kuwa shi ne wanda aka ɗora wa takamaiman buri mai ɗan wuya ya fi ƙoƙari a kan wanda aka ce masa kawai ya yi iya yinsa. Iyakar ilimin da kake buƙata ke nan, sauran duk aiki ne.

Na zaɓi gudun kilomita 5 a matsayin misali saboda agogo ba ya son kai, kuma duk wanda ya iya tsarin a nan zai iya ɗaukarsa zuwa ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, dambe ko kokawa.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, wanda ba za a rubuta komai a ciki ba sai harkar horo. Na fi son littafi a kan waya, domin waya tana lalacewa, ana sace ta, kuma mai buɗe ta don ya rubuta lokacin gudunsa yakan ɓige da kallon wani abu daban. Na biyu agogon awon lokaci mai nuna daƙiƙa. Na waya ya wadatar, agogon hannu na roba mai araha ma ya fi daɗin gudu da shi. Na uku wurin da aka san tsawonsa. Idan kana kusa da fili mai layin gudu, irin filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna ko na Seyni Kountché a Yamai, to zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, kilomita 5 kuma zagaye 12 da rabi. Ka lura cewa layin ciki kaɗai ne mita 400. Layi na 8 ya haura mita 450, don haka wanda ke gudu a can yana lissafi da 400 yana cutar kansa.

Idan babu irin wannan fili, ka ari tef ɗin awo a wurin magini ka auna gefen filin ƙwallon unguwarku da kanka. Cikakken fili mai mita 105 a tsawo da 68 a faɗi yana ba da mita 346 a zagaye, amma filayen makarantu da na unguwa ba kasafai suke cika wannan awo ba, saboda haka kada ka yi zato. Idan shi ma babu, ka nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a auna maka da mitar babur ko taswirar waya, ka sa alama da dutse ko fenti a mafari da maƙura. Ko da awon ya ɗan kauce ba laifi, muddin hanya ɗaya za ka riƙa gwada kanka a kai kullum. Sai kambas da ya zauna maka a ƙafa, da gorar ruwa, da kalanda mai nuna watannin Musulunci da na Turawa, da kuma mutum ɗaya mai gaskiya da zai riƙe maka agogo ranar gwaji.

Kafin komai, wanda ke da hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila, da wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, ya fara ganin likita.

1. Auna inda kake

Ba a kafa buri kafin gwaji. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, domin mutane ba sa son ganin lambar da ta yi ƙasa da yadda suke ɗaukar kansu. Ka zaɓi safiyar da ka yi barci sosai, ka ɗumama jiki da sassarfa na minti 10, ka ɗan miƙe gaɓoɓi, sannan ka gudu kilomita 5 iya ƙarfinka. Abokinka ya tsaya a bakin layi da littafin a hannu, duk zagayen da ka kammala ya rubuta lokacin da zagayen ya ci, ya kuma ɗaga murya ya gaya maka zagaye nawa ya rage, domin daga zagaye na 7 zuwa sama lissafi yakan ruɗe wa mai haki. Waɗannan lambobi na kowane zagaye sun fi jimillar lokacin amfani. Idan ka ga na farko minti 1 da daƙiƙa 50 ne, na 10 kuma minti 2 da daƙiƙa 25, ka san cewa matsalarka ta farko rashin iya rabon ƙarfi ce, ba rashin gudu ba.

Idan ba za ka iya gama kilomita 5 ba tare da tsayawa ba, kada ka tilasta. Ka yi gwajin minti 12 wanda likita Kenneth Cooper ya tsara wa sojojin saman Amurka a 1968: ka gudu, ka yi tafiya idan ta kama, har minti 12 su cika, sannan a auna nisan da ka ci. Wannan nisa shi ne mafarinka, burinka na farko kuma ya zama kammala kilomita 5 ba tsayawa, ba tare da damuwa da lokaci ba.

2. Rarrabe buri iri 3

Akwai burin sakamako, wato cin gasa, ɗaukar kofi, ko samun gurbi a ƙungiya. Akwai burin ƙwazo, wato lambar da kai kanka za ka kai, kamar kilomita 5 a minti 25. Akwai kuma burin aiki, wato abin da za ka yi a kowane mako, kamar fita horo sau 4 da kwanciya kafin ƙarfe 10 na dare. Na farko ba duka yake hannunka ba, domin ba kai ke zaɓar wanda zai zo gasar ba, ba kuma kai ne alƙalin wasa ba. Na biyu galibinsa yana hannunka. Na uku gaba ɗaya naka ne.

Tarihin Roger Bannister ya nuna yadda suke haɗuwa. A gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 ya je da burin lambar yabo a tseren mita 1,500, ya zo na 4, ya koma Ingila hannu rabbana. Sai ya mayar da hankalinsa kan lamba: gudun mil ɗaya ƙasa da minti 4, abin da babu wanda ya taɓa yi. Mil ɗaya kusan zagaye 4 ne, don haka matsakaicin lokacin zagaye dole ya faɗo ƙasa da daƙiƙa 60. Yana ɗalibin likitanci a lokacin, horonsa a ɗan hutun tsakar rana yake yi, yana maimaita zagaye ɗaya sau 10 da ɗan hutu a tsakani, yana rage daƙiƙoƙi a hankali cikin watanni. Ranar 6 ga Mayu 1954 a Oxford ya gama a minti 3 da daƙiƙa 59.4. Ka rubuta burin sakamakonka a shafin farko don ya riƙa zaburar da kai, amma kada ka riƙa auna kanka da shi kullum. Da burin ƙwazo da burin aiki ake aiki.

3. Zaɓi lamba da rana

A ce gwajinka ya ba da minti 27. Wannan yana nufin minti 5 da daƙiƙa 24 a kowace kilomita, ko kusan minti 2 da daƙiƙa 10 a kowane zagaye. Buri mai ma'ana ga sabon shiga shi ne minti 25 cikin mako 12, wato minti 5 cif a kilomita, minti 2 cif a zagaye. Idan ka dube shi ta wannan fuska, abin da ake nema a wurinka daƙiƙa 10 ne a kowane zagaye, kuma zuciya ta fi yarda da daƙiƙa 10 a kan minti 2.

Kuskure biyu ake yi a nan. Wasu sukan ce minti 20, saboda sun ji wani yana yi, sai gwajin farko ya karya musu gwiwa. Wasu kuma sukan ce minti 26 da rabi, abin da za su samu ko da wasa suke yi, sai horon ya zama ba shi da armashi. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, idan ka faɗi lambar ka ji gabanka ya ɗan faɗi amma kana iya hango hanyar kaiwa, to ta yi daidai. Ka kuma sani cewa sabon shiga ne ke samun irin wannan ragi da sauri. Wanda ya riga ya kai minti 18, rage daƙiƙa 20 a mako 12 babban aiki ne a wurinsa.

Sai ka ɗauko kalanda kafin ka tsayar da rana. A ƙasar Hausa zafin Maris zuwa Mayu yana iya haura digiri 40, kuma babu mai yin lokacinsa mafi kyau a irin wannan yanayi, ko da da sassafe ne. Sanyin hunturu yana da daɗin gudu, amma ranar da hazo ya yi kauri ƙura takan dami ƙirji. Damina tana ɓata filin ƙasa. Idan azumin Ramadan ya faɗo cikin makonninka, kada ka sa ranar gwaji a ciki. Ka mayar da burin watan ya zama riƙe abin da ka samu, da sassarfa mai sauƙi dab da buɗa-baki ko bayan tarawihi. Haka nan ka duba jarrabawa, girbi, ko bikin da ka san zai ɗauke ka mako guda. Idan akwai gasar da kake hange, kamar tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo da aka saba yi a watan Mayu, ko gudun fanfalaki na Legas da ake yi a Fabrairu tun 2016, ka ƙirgo makonni daga ranar gasar zuwa baya.

4. Gutsuttsura shi

Ka raba mako 12 gida 3, kowane da zangonsa: ƙarshen mako na 4 minti 26 da daƙiƙa 20, ƙarshen mako na 8 minti 25 da daƙiƙa 40, ƙarshen mako na 12 minti 25. Daga nan ka sauko kan mako. Ga tsarin da ya dace da misalinmu. Litinin sassarfa ta minti 30, a hankali yadda za ka iya hira da na kusa da kai. Laraba ranar sauri: zagaye ɗaya a minti 2 ko ƙasa kaɗan, tafiya ta minti ɗaya da rabi, a maimaita sau 6, a riƙa ƙara ɗaya duk mako 2 har a kai 10. Juma'a sassarfa ta minti 25 da atisayen ƙarfafa cinya da ciki. Lahadi doguwar sassarfa, daga minti 40 a hankali zuwa awa ɗaya. Sauran ranakun hutu ne, kuma hutun yana cikin burin aiki, a rubuce, kamar yadda gudun yake.

Babban kuskuren masu zafin nema shi ne mayar da kowace fita gwaji. Suna son ganin lambar burinsu kullum, sai su gudu da ƙarfi ranar Litinin, su zo Laraba ƙafa ta yi nauyi, mako na 3 kuma ciwon ƙwauri ko na gwiwa ya zaunar da su. Ƙa'idar da masu horarwa suka daɗe suna bi ita ce kada jimillar gudun mako ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100 a kan na makon da ya gabata. Ba doka ba ce da ba ta canzawa, amma tana hana ganganci.

5. Rubuta shi, ka tanadi mafita

A shafi na biyu na littafin ka rubuta jimla ɗaya da hannunka: ranar kaza ga watan kaza, zan gudu kilomita 5 a minti 25 a fili kaza. Ka nuna wa mutum ɗaya, kocinka ko abokin da ke riƙe maka agogo. Ban ga amfanin shelanta shi a Facebook ko a majalisa ba. Yabon da ake samu tun kafin a yi aikin yakan kashe ƙishirwar yin sa, kuma idan abu ya ci tura kunya takan sa mutum ya bar wasan ɗungurungum.

A ƙarƙashin jimlar ka jera abubuwan da ka san za su tare ka, kowane da amsarsa tun yanzu. Idan ruwa ya sauka ranar Laraba, zan yi zagayen a kan kwalta ranar Alhamis. Idan na makara da asuba, zan fita bayan la'asar. Idan aka rufe filin, zan koma hanyar da na auna. Amfanin wannan shi ne ba a barin shawara sai lokacin da jiki ke neman uzuri, domin a wannan lokacin kullum uzurin ne ke yin nasara.

6. Cika littafin kowace rana

Layi 3 ko 4 sun isa, amma a rubuta su a ranar, kafin wanka ma idan zai yiwu. Ga yadda shafi ɗaya yake kasancewa: "Laraba, mako na 3. Barci awa 6. Bugun zuciya da farkawa 64. Zagaye 7: 1:58, 1:59, 2:00, 2:00, 2:03, 2:05, 2:04. Iska tana busowa daga gabas. Ƙwaurin hagu ya ɗan yi tsami daga na 5. Wahala 8 cikin 10." Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gudu kilomita 42 da 'yan kai a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Austria ranar 12 ga Oktoba 2019, an san shi da rubuta horonsa a littafi da hannu shekara da shekaru.

Bugun zuciyar kuwa, ka ƙirga shi na minti ɗaya a wuyan hannu kafin ka tashi daga shimfiɗa. Bayan mako 2 za ka san lambarka ta yau da kullum. Idan ka ga ta haura da kusan 10 kwana 2 a jere, jiki yana gaya maka ko gajiya ta taru ko zazzaɓi yana tafe, sai ka sassauta. Kada ka ƙawata lambobi, kuma ranar da ba ka fita ba ka rubuta cewa ba ka fita ba, da dalili. Littafin da aka yi wa kwaskwarima ba zai iya gaya maka komai ba ranar da kake neman sanin inda aka samu tangarɗa.

7. Duba kanka duk mako 4

Gwajin zango a yi shi a fili ɗaya, lokaci ɗaya, da ɗumama jiki iri ɗaya da na ranar farko, bayan kwana 2 na aiki mai sauƙi. Idan ka cimma zangon, ka ci gaba da tsarin yadda yake, kada murna ta sa ka ƙara kaya. Idan ka wuce shi da nisa, ka rage lokacin burin ƙarshe da daƙiƙa 20 ko 30.

Idan ba ka kai ba, nan ne littafin yake biyan kuɗinsa. Ka fara ƙirga fita nawa ka yi cikin 16 da aka tsara. Wanda ya yi 9 ba shi da hujjar zargin tsarin ko jikinsa; abin gyara shi ne lokacin fita, ko barci, ko yawan ranakun, wataƙila 3 a mako ne rayuwarsa za ta ɗauka. Wanda ya yi 15 ko 16 kuma lambar ba ta motsa ba, ya duba ko sassarfarsa ta yi sauri da yawa, ko abincinsa bai isa ba, ko kuma tun farko burin ya yi nisa. A irin wannan hali a ƙara wa'adi da mako 3 ko 4, ya fi a sassauta lambar. Ɗaga rana ba faɗuwa ba ce, kuma na ga matasa da yawa da suka cimma burinsu a mako na 15 waɗanda da an matsa musu a na 12 da sun tafi ba su dawo ba.

Rashin lafiya da rauni suna da nasu hukunci. Bayan zazzaɓin cizon sauro kada ka koma inda ka tsaya. Ka gama maganinka, ka yi mako guda na tafiya da sassarfa, sannan ka koma tsarin makon da ya gabaci ciwon. Ciwon da ke sa ɗingishi, ko wanda ke ƙaruwa yayin gudu, yana nufin a tsaya. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi daidaita bayan hutu, asibiti ake kai su a ranar.

8. Idan wasanka ba na agogo ba ne

Ɗan ƙwallo ba zai ce zai ci ƙwallo 10 a kaka ya tsaya nan ba, domin wannan ya dogara da masu ba shi da kuma ko koci zai sa shi. Ya nemi abin da zai iya ƙirgawa shi kaɗai. Ya zana murabba'i da alli a jikin bango, ya ja baya taku 15, ya buga sau 50 da ƙafar da ba ta da ƙarfi, ya rubuta nawa suka shiga. Idan 18 ne yau, burinsa ya zama 30 a mako 8, aikinsa kuma bugu 100 sau 3 a mako bayan an tashi daga atisaye. Mai tsaron gida ya ƙirga ƙwallayen sama da ya cafke cikin 20 da aka kwaso masa daga kusurwa. Ɗan ƙwallon kwando ya ƙirga nawa suka shiga cikin jifa 50 da ba tsaro. Ɗan dambe ko ɗan kokawa ya auna turmi nawa na minti 3 yake iya yi da abokin atisaye kafin ƙafarsa ta fara rawa, domin yawancin faɗuwa a ƙarshen wasa daga gajiya take zuwa.

Ga koci mai ƙungiya, kada ka yanke wa yara buri kai kaɗai ka karanto musu. Ka zauna da kowane ɗaya, ka nuna masa lambar gwajinsa, ka bar shi ya fara faɗin tasa, sannan ku daidaita. Kuma kada ka liƙa jerin sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ka liƙa yawan abin da kowa ya ƙara a kan lambarsa ta farko, yadda yaron da ke baya zai iya zama na gaba a wannan allo.

Bayan gwajin ƙarshe, ko an cimma ko an kusa, ka ɗauki mako guda na sassarfa kawai ba tare da agogo ba. Daga nan ka buɗe sabon shafi, ka ɗauki lokacin da ka samu a matsayin sabon mafari, ka zaɓi abu ɗaya cikin biyu: ko rage lokacin kilomita 5 da minti ɗaya, ko ƙara nisa zuwa kilomita 10, wato zagaye 25. Kada ka haɗa su a zango ɗaya, domin kowane yana buƙatar nasa tsarin mako.